Waƙar Dakan Inna a Lyon

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu a Damagaram kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In tana nemana, sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira wancan." In ta zuba mini abinci, wani take ba ya miƙo mini. Ranar da zan taho Faransa karatu, rabin unguwa ya fito rakiya, ita kuwa ta shige madafa ta kama wanke tukunyar da aka riga aka wanke. Bayan na zo ma ba abin da ya sake. In na buga waya, ƙanwata autarmu ke ɗauka, in ɗaga murya in gaida Inna, in jiyo ta can nesa tana cewa, "Ki ce mishi lahiya lau." Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ta taso ta ga ana yi. Amma abin yana ci mini rai, balle a ƙasar da za ka ga uwa ta rungume ƙaton ɗanta mai gemu a bakin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tana sumbatarsa, ko a jikinsu.

Na gama karatu a Bron, gefen Lyon, na samu aikin ofis a Paris. Na kama gida mai ɗaki biyu a Belleville, saman wani gidan abincin 'yan Sin, mu biyu da wani ɗan Garwa ta Kamaru. Hausarsa ta kasuwa ce, yana ce mini "grand" saboda na girme shi kaɗan. Da rana yana gyaran waya a wani ɗan shago a Château Rouge, ƙarshen mako kuma DJ ne. Kiɗan nasa ba mawaƙi, ba kalangu, ba goge, na'ura ce kawai ke bugawa dum, dum, dum. Ranar da na fara ji na ce masa injin markaɗen unguwarmu ya fi wannan daɗin sauraro. Bai ji haushi ba, sai ya ce in bi shi ranar Lahadi.

Wurin da ya kai ni ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, ƙasan wani tsohon shagon kafinta. Ni na sa masa suna rami, sunan kuma ya bi shi a bakinmu. Da yamma ake taruwa, don yawancinsu ma'aikata ne masu sammakon Litinin. A bakin ƙofa wata mata ke karɓar wayarka ta manna 'yar ƙaramar takarda mai gam a kan idon kyamara. Ba hoto, ba ɗaukar murya, wanda aka kama an kore shi ke nan har abada. Ciki duhu ne, DJ yana can lungu a ƙasa ɗaya da kowa, ba mai fuskantarsa. Kiɗan ba ya gaggawa, abu ɗaya zai yi ta maimaitawa yana sauyawa kaɗan-kaɗan har ka manta da kanka. Ni ba na shan giya, lemun citta nake riƙewa, in lokacin salla ya yi in hau sama in yi tsakanin tsofaffin katakai, ba wanda ya taɓa tambayata. Abin da ya kama ni da wurin shi ne ba mai kallonka. Baƙin mutum a Paris ya san kallo, ya kuma san kawar da kai, a ramin nan kuwa ba ko ɗaya.

Ɗan Garwa ya tsani manyan bukukuwan kiɗa na lokacin zafi, waɗanda ake yi a fili da dubban mutane. "Waɗancan ba kiɗa suke ba, grand," haka yake cewa. "Su danna maɓalli, su ɗaga hannu, wuta ya tashi. C'est de la pub, talla ne kawai." Ni kuma in tsokane shi in ce don ba su gayyace shi ba ne. Sai ya yi tsaki ya ce ko sun durƙusa ba zai je ba.

Wata rana cikin hunturu saƙon murya ya shigo daga ƙanwata. "Yaya, saurari wannan," in ji ta da raɗa, "amma ka ruhwa mini asiri, in ta sani na mutu." Ashe ta ɓoye wayarta ƙarƙashin faifai kusa da turmi. Inna ba ta yarda da furar inji ba, da hannunta take dakan geronta. Na ji taɓarya tana sauka, na ji tafin da take yi in ta cilla ta sama kafin ta cafe, sannan na ji muryarta ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ta tabbata ba kowa a tsakar gida:

Na ƙasar sanyi, ko ya ci ko bai ci ba,
wa ke dama mishi, wa ke ce mishi sha?
Baki ba ya hwaɗi, ciki ya sani,
na hwarin nan nawa, Allah tsare mini.

Na zame na zauna a ƙasan madafa, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Duk shekarun nan ina zaton shirun nata shiru ne har ciki. Daga ranar nan kullum waƙar tana kunnena, a metro, a layin biredi, a ofis in ba mai gani. Na kuma san abu ɗaya sarai: waƙar nan tana raye ne don Inna ba ta san an ji ta ba. Ranar da ta sani, bakin ya rufe.

Ɗan Garwa ya jiyo ta daga ɗakinsa. Ba kalmomin ne suka fara kama shi ba, taɓaryar ce. Ya ce bugun tsohuwar nan bai kauce ko sau ɗaya ba, na'urarsa ma ba ta fi ta ba. Ya yi ta roƙona in ba shi, ina ƙi. Daga baya na yarda, kuma ba roƙonsa ne ya karya ni ba. Na gaji da jin ta a ɗan abin kunne, ina so ko sau ɗaya in ji muryar uwata ta cika ɗaki. Na kafa masa sharaɗi: rami kawai, inda ake rufe idon waya. Ya ce wallahi, ya ƙara da tallahi ban ma nema ba.

A rami ya shimfiɗa bugun na'ura ƙarƙashin taɓaryar, a hankali, bai taɓa muryar ba. Ba mai jin Hausa a ɗakin sai mu biyu. Mutane suna rawa ido rufe, ni ina tsaye jikin lasifika, kowane bugu yana sauka a ƙirjina. Ban taɓa jin kusa da ita kamar ranar ba. Ya ci gaba da sa ta duk Lahadi, har aka fara zuwa dominta. A tambaye shi sunan waƙar ya yi murmushi ya ƙi faɗa. Labarin tsohuwa mai turmi ya fara fita daga ramin ta baki, ni kuma ban kawo komai a raina ba, tunda baki ba ya ɗaukar sauti.

Da bazara ya shigo gida yana tsalle. An gayyace shi wani babban biki a bayan garin Lyon, zai yi kiɗa da la'asar a ɗaya daga manyan dandamali. Mutumin da ya ce ko an durƙusa ba zai je ba, a ranar ya je ya sayo sabuwar riga. Na taya shi murna da baki kawai.

"Ba za ka sa waƙar Inna ba dai," na ce.

"Haba grand. T'inquiète, kar ka damu. Na rantse ai."

"Me suka ji har suka neme ka?"

Ya ɗan kawar da kai. "Sun ji labarina dai."

Na san Lyon. Na san ɗaliban Nijar da ke Bron, don na zauna cikinsu, na ci shinkafarsu. Kowane ɗayansu yana da waya, kowace waya tana da zauren dangi, na 'yan makaranta, na 'yan unguwa. Abin da aka ɗauka a Lyon da la'asar, kafin a idar da isha yana Damagaram. Makonnin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. A ofis a yi mini magana in yi firgigit. Akwai ranar da ya fita ya bar 'yar ma'ajiyar waƙoƙinsa a kan tebur, abu bai fi ɗan yatsa ba, na tsaya a kanta ina tunanin in jefa ta a masai. Na fasa, don na san yana da wata. Na yi ta maimaita masa tambayar safe da yamma har ya fusata ya ce, "Ka ɗauke ni maƙaryaci ne?" Na ba shi haƙuri, amma na sayi tikitin jirgin ƙasa. Na ce a raina in yana ganin idona ba zai iya ba.

Taragon da ya ɗauke ni daga tasha ya ratsa ta Bron. Na ga tsohuwar matsayata, na ga benen da na zauna, ko ɗigon daɗi ban ji ba. Filin bikin ya ninka filin idin garinmu ban san sau nawa ba. A ƙofa ba mai manna komai a kan waya, sai ma alluna ko'ina suna cewa ka ɗauka, ka yaɗa. Gefen kowane dandamali akwai majigi mai tsawon bene, sama kuma wata kyamara ce ke yawo a kan dogon ƙarfe tana leƙen fuskokin mutane. Na tsaya ina kallonta.

Ban yi nisa ba na ga abin da nake tsoro. Wasu ɗalibai ne maza da mata, ɗaya ya yafa tutar Nijar a kafaɗa. Tun daga nesa suka gane ni ɗan gida ne.

"Sannu yaya, ina wuni? Ina gajiya? Ya zahi?"

Muka gaisa yadda ya kamata, har gida da iyali. Suka ce sun ji wai akwai DJ mai jin Hausa, shi suka zo gani. Wata cikinsu mai ɗankwali ruwan goro ta ce ita 'yar Damagaram ce, ta tambaye ni wace unguwa. Na yi kamar hayaniya ta hana ni ji, na sulale cikin taro.

Da lokacinsa ya yi ya hau, na kutsa har kusa da gaba inda zai iya ganina. Ya fara kamar yadda yake yi a rami, a natse, bugu ɗaya yana tafiya. To mutanen fili ba haka suka saba ba. Su kiɗansu hawa yake yi, ya yi ta hawa har numfashi ya tsaya, a yi ɗif, sannan ya faɗo gaba ɗaya kowa ya yi tsalle. Suka ɗaga hannuwa suna jiran faɗowar, ba abin da ya faɗo. Suka sauke. Can ɗaya dandamalin wuta na tashi sama, ihu na tasowa, sai suka fara zarewa rukuni-rukuni. Fuskar abokina ta cika majigi, gumi na zuba, kowa na gani. A gefen dandamali wani mutum mai abin magana a kunne yana juya masa hannu, wato ya ƙara wuta. Tausayinsa ya kama ni, kuma yadda tausayin ke ƙaruwa haka tsorona ke ƙaruwa, don na san abin da ke aljihunsa. Na ga yana duba taro. Na ɗaga hannu biyu ina kaɗa masa kai. Har yau ban sani ba ko ya gan ni.

Sai taɓarya ta sauka.

Ba yadda muke jin ta a rami ba ce. Ya yanka muryar gunduwa-gunduwa, ya ɗauki "na hwarin nan nawa" yana maimaitawa, yana ƙara mata sauri, tana hawa, tana hawa, har muryar Inna ta koma kamar ta yarinya. Ya tsayar da komai ɗif, aka ji tafinta ɗaya tak a filin nan, sannan ya sako bugun gaba ɗaya. Irin wannan aiki ba a tsaye ake yin sa ba. A ɗakin da ke jikin nawa ya zauna ya shirya shi, a makonnin da yake ce mini ya rantse.

Waɗanda suka tafi suka dawo da gudu. Wayoyi suka miƙe sama kamar zangarniyar gero a gona. Ta bayana na jiyo guɗa, guɗa ta gaske irin ta gida, na waiga na ga ɗaliban nan suna tsalle da tutarsu, mai ɗankwali ruwan goro ta ɗaga waya da hannu ɗaya tana bin waƙar baiti-baiti. Ba zan ɓoye ba, na ɗan wani lokaci ƙirjina ya cika, uwata ce ta tayar da filin nan da turminta. Bai daɗe ba daɗin ya gushe, na dafa shingen ƙarfe.

Na same shi a bayan dandamali ana rungumarsa. Da ya gan ni ya buɗe hannu.

"Grand, ka ga mutane? Mamanka ya zama star!"

"Ka rantse mini."

"Suna tafiya, ka gani da idonka. C'était ma seule chance, ba ni da wani dama. Kuma wa ya san shi a nan?"

"Damagaram kaf sun san ta."

Na ɗaga hannu zan mare shi, na ga kyamara tana yawo a samanmu, na sauke. Ko a wannan ma tsoron ido ne ya hana ni.

Na koma Paris na zauna jiran abin da na san yana zuwa. Duk motsin waya sai na zabura na duba. Wanda ya fara turo mini hoton bidiyon wani tsohon abokin karatu ne, ya rubuta, "Ka ga inda Hausa ta kai!" Sai wani ɗan kawuna da ke Yamai. Da na ga ya shigo zauren 'yan unguwarmu na kashe wayar, na kunna, na sake kashewa. Ƙanwata shiru. In kira ta, ya yi ta ringi ba a ɗauka. Na yi ta saƙa abin da za a ce: matar marigayi malam guda, muryarta a wurin shan giya, Turawa tsirara-tsirara suna rawa a kai. Ɗan Garwa ya goge waƙar a gabana yana ba ni haƙuri, na ce ya je ya goge ta a wayoyin duniya. Kafin wata ya ƙare ya kwashe kayansa. Yanzu a manyan filaye yake kiɗa, ina ganin fuskarsa jikin bangon metro.

Da ƙanwata ta kira a ƙarshe, muryarta ta dishe. Ta ce a gidan suna aka yi. Wata maƙwabciyarmu ta kunna bidiyon cikin mata don a ga abin mamaki, ba a kai rabi ba wata tsohuwa ta ce, "Ke, wannan ai muryar wance ce." Duk aka juya ana kallon Inna. Ba wadda ta yi maganar giya, ba wadda ta kula da Turawan. Shewa suka sa, suna tafawa, suna cewa, "Ashe dai ana son ɗan hwarin! Ashe ciki ya sani!" Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta fita, takalmanta ma sai daga baya aka biyo ta da su. Duk tsoron da na yi ta ji, na tsaya ne a ƙofar da ba ta nan abin zai shigo ba.

"Ta yi miki faɗa?" na tambaya.

"Da ma ta yi. Ba ta ce mini komi ba. Ta kihe turmin bayan ɗaki, yanzu inji ake kai geron."

Wata Juma'a na fito masallaci ina ratsa Château Rouge, wayata ta yi ƙara, lambar ƙanwata. Na ɗauka na ce, "Auta, ya aka yi?" Ba auta ce ta amsa ba. Sai na ji an yi sallama, kuma ba daga nesa ba, a cikin kunnena. Ban san lokacin da na durƙusa ba, a kan titi, gaban wani shagon atamfa, mutane suna kewaye ni.

"Ina wuni, Inna. Ina gajiya. Ya gida, ya ƙarfin jiki."

"Lahiya lau."

Na fara ba ta haƙuri, maganar na sarƙewa, ina cewa laifina ne, kar ta ga laifin auta. Ta bar ni na yi har na rasa abin faɗa. Sannan ta ce, "Ka ji ta?"

"Na ji, Inna."

"Kahin su?"

"Tun hunturu nake jin ta. Kullum."

Na ji numfashinta. Can ta ce, "To. Ba tasu ba ce."

Kafin in buɗe baki na ji muryarta ta yi nisa, ta koma inda na saba jin ta. "Karɓi wayarki. Ki ce wa wancan ya ci abinci."

Tun daga ranar ba ta sake karɓar waya ba, mun koma gaisuwa ta bakin auta. Waƙar tana nan a wayata yadda aka turo ta, da kukan kaji a bayanta, ni kaɗai nake ji. Duk sanda muka yi magana da ƙanwata, bayan gaisuwa nakan tambaye ta turmin. Har yau yana kife a bayan ɗaki.